Yadda za ka iya gem ɗin Yaƙin Duniya na Biyu a Wii ba tare da kyamara ta riƙa wulwula ka ba

Duk wanda ya saba da fad, wato abin buga gem da ake riƙewa da hannu biyu, ya zo ya ɗauki rimot ɗin Wii, na'urar gem ta kamfanin Nintendo, a gem ɗin harbi, minti goman farko iri ɗaya ne ga kowa: ka ɗaga hannu kaɗan sojanka ya kama kallon sama, ka ce bari ka gyara sai ya koma kallon takalminsa, kafin ka ankara yana ta juyi a wuri ɗaya kamar fanka, Jamusawa kuma suna ta zuba maka wuta. Nan da yawa ke ajiye rimot su ce ai Wii ba na gem ɗin yaƙi ba ne, na yara ne da wasan tanis. Ni ma haka na ce da farko wallahi. Daga baya na gane ba hannuna ne ke da matsala ba, ban shirya ɗakin ba ne, ban taɓa setin ba, kuma ina riƙe rimot kamar mai nuna wa wani hanya daga nesa. In ka gyara waɗannan ukun, saitin da za ka riƙa yi da rimot ya fi na fad sauri nesa ba kusa ba.

Fara da fahimtar abin da ke faruwa tsakanin rimot da talabijin, don yawancin mutane a juye suka ɗauke shi. Wannan siririyar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin, wadda ake kira sensa ba, ba ta ganin komai, fitilu ne kawai a cikinta a gefen hagu da gefen dama masu fitar da hasken infirared wanda ido ba ya gani. Mai ganin shi ne rimot ɗin, akwai ƙaramar kyamara a bayan baƙin gilashin da ke bakinsa, ita ke hango ɗigo biyun nan ta lissafa inda kake nunawa. Shi ya sa in ka kunna kyandir biyu ka ajiye su da ɗan tazara a gaban talabijin, rimot zai yi aiki ko da babu sandar. Kuma shi ya sa duk wani abu mai fitar da irin wannan haske zai iya ruɗa shi: hasken rana ta taga, kwan fitila mai zafi irin na da, madubi, har teburin gilashi da ke maido da hasken sandar. In ka ga alamar saitinka tana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan ba dalili, kar ka zargi gem ɗin, waiga ka duba ko akwai taga a bayan talabijin, ka ja labule.

To mataki na farko kenan, ka ajiye sandar a tsakiyar talabijin daidai, bakinta ya zo daidai da bakin abin da ka ɗora ta a kai don kar katako ya tare hasken. Ko sama ko ƙasa duk ya yi, amma ka shiga Wii Settings ka je Sensor Bar ka gaya wa na'urar inda ka sa ta, in ba haka ba saitinka zai riƙa karkata. Ni a sama nake sa tawa saboda in kana zaune hannunka na kan cinya, gwiwarka ko ƙaramin tebur na iya tare ta in tana ƙasa. Daga nan ka shiga Sensitivity, za ka ga fili mai duhu, nuna rimot a talabijin daga wurin da za ka zauna ka buga, ba a tsaye a gaban sikirin ba. Abin da kake nema ɗigo biyu ne masu ƙyaftawa, biyu rak. In ka ga uku ko huɗu ka rage da maɓallin debewa, in ɗaya ne ko babu ka ƙara, lambar daga 1 ce zuwa 5. Tazara kuma tsakanin mita 1 da 3, ni na fi jin daɗin wajen mita 2. In kana tantama ko sandar tana aiki, ɗauko waya ka buɗe kyamara ka nuna ta, a wayoyi da yawa za ka hango fitilun suna haske.

Sai talabijin ɗin kansa. Kaifin hoton Wii ba ya wuce 480p, kuma ko wannan ɗin ma sai da wayar komfonent mai kai biyar, ita kuwa wadda ke zuwa a kwali mai kai uku ja da fari da rawaya hotonta dishi-dishi ne, maharbin da ya laɓe a taga daga nesa ba za ka bambance shi da tabon bango ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne jinkiri: talabijin na zamani yana ɓata lokaci yana gyara hoto kafin ya nuna, da fad ba ka cika ji ba, amma da rimot za ka ji kamar alamar tana bin hannunka a baya tana jan ƙafa. Nemi Game Mode a setin talabijin ka kunna. Batir ma ka duba, guda biyu ne AA, in sun yi sanyi rimot kan yanke a tsakiyar faɗa.

Yanzu zama, wanda shi ne rabin maganar gaba ɗaya kuma ba wanda ke faɗa maka. Tallan Wii na 2006 ya cuci mutane, an nuna su a tsaye suna wurgi da hannu suna ɓuya a bayan kujera. Kar ka yi haka. Zauna, ka jingina bayanka, ka kwantar da damtsen hannun da ke riƙe da rimot a kan cinyarka ko kan filo, ya zama wuyan hannu kaɗai ke motsi. Daga wannan gefen sikirin zuwa wancan bai fi ɗan karkatar da za ka yi in kana juya mukulli a ƙofa ba. Hannun da ke riƙe da nuncak kuma, wato ƙaramin abokin rimot mai ƴar sandar da ake tafiya da ita, ka sake shi a ɗaya cinyar, wayar da ke haɗa su ta kwanta a sake. Hannun da ke rataye a iska yana rawa ko da ba ka ji ba, kuma bayan minti ashirin kafaɗa za ta fara ƙuna, sai harbinka ya lalace ka ɗauka gem ɗin ne ya yi wuya. Igiyar rimot kuma ka ɗaura ta, ba wasa ba, a Disambar 2006 sai da Nintendo ya yi tayin canza igiyoyi wajen miliyan 3.2 da masu kauri saboda yadda rimot ke suɓuce wa mutane yana fasa talabijin, ga shi a waɗannan gem ɗin akwai wurgin gurneti.

Sai babban abin, wato akwatin da ba a gani. A gem ɗin harbi na Wii rimot aiki biyu yake yi lokaci ɗaya, shi ke saiti shi ke juya kai. Yadda suka raba aikin shi ne akwai wani fili mai kusurwa huɗu a tsakiyar sikirin, a menu za ka ga an rubuta dead zone. Muddin alamar saitinka tana cikin wannan filin kyamara ba ta motsi, bindiga kawai ke yawo. Da zarar ka fita daga cikinsa kyamara ta fara juyawa, kuma iya nisan da ka yi daga akwatin iya saurin juyin. Duk wulwulawar nan da sabon shiga ke yi daga nan take: ya ji harbi ya firgita ya kai alamar can bakin sikirin, kyamara ta kwasa da gudu, ya sake firgita ya kai ta ɗaya bakin.

In akwatin ya yi girma, harbi na da daɗi amma juyawa sai ka ce tirela a lungu, wani ya zagayo ta bayanka ya gama da kai kafin ka waiga. In ya yi ƙanƙanta da yawa kuma sikirin ba ya tsayawa, kullum yana ɗan lilo, wasu har jiri suke ji. Yadda nake yi shi ne na fara da matsakaici, na buga mishan ɗaya, na rage faɗinsa kaɗan, na sake bugawa, a haka a haka har ya dawo wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin sikirin. Tsayinsa kuma na bar shi da ɗan girma fiye da yadda mutum zai zata, saboda a yaƙin ƙasa abokan gaba yawanci a layin idonka suke, ba ka bukatar kyamara ta riƙa ɗaga kai da sunkuyawa duk lokacin da hannunka ya motsa. Saurin juyawa hagu da dama ka ɗaga shi, na sama da ƙasa ka rage. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda don Allah, in ka taɓa uku tare ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Saurin alamar kanta kuma, in akwai wurin saita shi, ka rage har rawar hannunka ta daina bayyana amma ba har ta yi nauyi ba.

Wannan ne ma ya sa zaɓin gem ɗin da za ka fara da shi yake da muhimmanci, don ba duka ne ke ba ka damar taɓa waɗannan ba yadda kake so. Shawarata ka fara da Medal of Honor: Heroes 2 na Nuwamban 2007, inda kake buga John Berg, jami'in leƙen asirin Amurka na OSS a Faransa. Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne, sojojin Jamus ɗin ma wani lokaci sai su tsaya a fili suna jiran harsashi, amma saitinsa santsi ne da shi kuma akwai Arcade, inda gem ɗin ke tafiyar da kai da kansa kai naka harbi kawai. Nan ne makarantar wuyan hannu. Yi kwana biyu a nan kafin ka haɗa tafiya da harbi. Bayan shi sai Call of Duty: World at War na 2008, wanda a ganina shi ne gwarzon cikinsu: ɓangaren sojan ruwan Amurka da Japan a Makin da Peleliu da Okinawa, sai ɓangaren sojan Soviet daga Stalingirad har hawa kan ginin Reichstag a Balin a 1945. Ka dai sani na Wii babu wasan Zombies a ciki, kar ka gama gem ɗin kana jira.

Call of Duty 3 ya fito tare da Wii ɗin a Nuwamban 2006, yaƙin Normandi ne na 1944 da sojojin Amurka da Ingila da Kanada da Foland, kuma da gani ka san lokacin ba su gama gane rimot ba, motsi ya yi masa yawa, kuma kai kaɗai za ka buga. Medal of Honor: Vanguard na 2007 na 'yan lema ne, wato sojojin da ke dira daga jirgin sama, na runduna ta 82, daga Sisili zuwa Normandi da Holan da Jamus, gajere ne, in ka same shi to, in ba ka samu ba ba ka yi asara ba. Brothers in Arms: Double Time na 2008 kuwa wani abu ne daban, zan dawo kansa. Kafin ka karɓi kowane faifai ka duba yankinsa, Wii na Turai ba ya karanta faifan Amurka, haka na Amurka ba ya karanta na Turai. Wii U, na'urar da ta gaji Wii, yana karanta faifan Wii in yankinsu ɗaya. Wasan intanet kuma ka cire rai, Heroes 2 a zamaninsa mutum 32 ke haɗuwa a fili ɗaya, amma an rufe sabarsa tuni, Nintendo ma ya rufe Wi-Fi Connection tun 20 ga Mayun 2014, yanzu don labarin kake ɗaukar waɗannan.

To ka shiga fili. Atisayen farko babu harbi a ciki: samu wurin da aka gama faɗa, ka zaɓi wata ganga ko ƙofa, ka ɗora alamar a kanta, ka riƙa tafiya hagu da dama da sandar nuncak alamar ba ta sauka ba. Sai ka koyi juyawa da dawowa, ka fitar da alamar daga akwati, da zarar abin da kake nema ya shigo sikirin ka dawo da ita tsakiya, kar ka jira sai ya zo tsakiyar don kyamara za ta wuce shi. Wannan dawowar ita ce duk sirrin, tsakiyar sikirin gidanka ne, kowane harbi ka gama ka koma gida. In kuma alamar ta ɓace gaba ɗaya saboda ka nuna waje, kar ka kama kaɗa hannu, sauke rimot kan cinya ka nuna tsakiyar talabijin a hankali za ta dawo.

Kunamar bindiga ita ce B da ke ƙarƙashin rimot, kuma a nan akwai wani ƙaramin abu da na daɗe ban lura ba: in ka danna ta da ƙarfi bakin rimot yana sunkuyawa, harsashi ya tafi ƙasa da inda ka saita. Matsa ta a hankali, babban yatsa na dafe da saman rimot. Da bindiga mai sarrafa kanta irin Thompson ko MP40 ko PPSh-41 mai gangar harsashi 71 ba ka damu ba, feshi ne, ka dai riƙa sakin wuta kaɗan-kaɗan. Amma da Kar98k ko Mosin-Nagant masu harsashi 5, da sai ka ja sakata bayan kowane harbi, kuskure ɗaya rai ne. M1 Garand ce ƙawar sabon shiga, harsashi 8 a jere ba jan sakata, in sun ƙare ka ji ƙarar ƙarfen nan ting ka san lokacin ɓuya ya yi. Ka saba da saiti ta kan bindiga, wato ɗaga ta zuwa ido, kuma dabarar ita ce ka fara kai alamar kan mutum tukunna sannan ka ɗaga, ba ka ɗaga sannan ka fara lalube ba. Mishan ɗin Vendetta a World at War, inda kake farkawa a cikin gawarwaki a Stalingirad wani sojan Soviet mai suna Reznov ya miƙa maka bindiga mai madubi, shi ne jarrabawar wannan. Akwai maharbin Jamus da ke canza taga, a nan in damtsenka ba ya kwance a cinya za ka sha wuya, ni har numfashina nake riƙewa tare da na sojan.

Motsin hannu na musamman kuma ka ɗauke su a matsayin maɓalli, ba wasan kwaikwayo ba. Rimot da nuncak suna jin girgiza ne da karkata, gajeren motsi mai kaifi ya fi dogon lilo shiga. A Heroes 2 za ka ɗora rimot a kafaɗa kamar ka saɓa bazuka, ka murɗa shi don kama tashar rediyo, ka share ƙasa da shi kana neman nakiya, wannan na ƙarshen har da ɗan faɗuwar gaba. A Call of Duty 3 za ka riƙe rimot da nuncak kamar sitiyari ka tuƙa jif, ko sojan Jamus ya cakumo bindigarka ku yi ta kokawa kana tura hannu gaba da baya. Matsalar duk motsin da ya shafi rimot yana ɗauke bakinsa daga sandar, kana gamawa sai ka ga kana kallon sama. Saboda haka duk abin da gem ya yarda ka mayar kan maɓalli, musamman zuba harsashi da suka da wuƙa da gurneti, mayar da shi. Wanda bai yarda ba ka yi shi a bayan bango.

Shi kuwa Wii Zapper, robar nan mai kamar bindiga da ake cusa rimot da nuncak a ciki, wadda ta fito a 2007, na san tana da kyau a hoto. A Arcade na Heroes 2 tana da daɗi ba ƙarya. A cikakken wasa kuwa tana tilasta maka ɗaga hannu biyu a iska, wato duk abin da muka ce kar a yi, ga maɓallan saman rimot sun yi wa yatsa nisa. MotionPlus ma, ɗan abin da ake maƙala wa rimot don ya ƙara jin motsi, ba ka bukatarsa, waɗannan gem ɗin sun riga shi fitowa.

Salon faɗan ma sai ya canza. Tunda juyawa ce rauninka saiti kuma ƙarfinka, ka riƙa sa abokan gaba a gabanka. Bi gefen fili, bango a kafaɗarka ɗaya, ya zama ɓangare ɗaya kawai kake tsaro. Kafin ka shiga lungu ka juya kyamara tun kana nesa, ka shiga a karkace da sandar nuncak kana kallon inda za su fito. A Call of Duty babu neman akwatin magani, in sikirin ya yi ja ka kwanta ka ɗan jira jini ya dawo, amma kar ka yi zaman dirshan, a wurare da yawa sojoji ba sa ƙarewa sai ka matsa gaba ka tsallake wani layi da ba ka gani, in ka tsaya wuri ɗaya gurneti ne zai riƙa sauka kamar ƙanƙara. Wajen zaɓen wuyar wasa ka fara a Regular. Veteran, matakin da ya fi wuya, na World at War ko masu fad kuka suke da shi, alamar gurneti uku huɗu a lokaci guda, ba wurin koyon rimot ba ne. A dajin Makin da Peleliu kuma sojan Japan kan ɓuya a ciyawa da kan bishiya su fito da gudu da wuƙa a bakin bindiga, in ka ji ihu ka ja baya da sandar nuncak kana harbi daga ƙugu, ja da baya ya fi juyawa sauri.

Brothers in Arms ɗin da na ce zan dawo kansa, shi ba gwanintar harbi yake nema ba, da gangan aka sa bindiga tana lilo. Kai ne shugaban ƴan lema na runduna ta 101 a kewayen garin Carentan na Normandi, kana da ƙungiyar da kake ba umarni. Za ka ga da'ira ja a saman abokan gaba, ka nuna su da rimot ka sa yaranka su danne su da wuta har jan ya koma toka-toka, ma'ana sun sunkuyar da kai, sai kai ka zagaya ta shingen gona ka ɓullo musu ta gefe. In hannunka na rawa har yanzu wannan zai yi maka sauƙi ta wani ɓangaren, sai dai na Wii ɗin yana ɗan sarƙewa in faɗa ya yi zafi, ka shirya haƙuri.

In akwai wani a gida da ke son taya ka amma tafiya da juyawa sun gagare shi, World at War na da Squadmate: ka ba shi rimot na biyu, alamarsa ta fito a sikirin ɗinka, kai ke tafiya da juya kyamara shi nasa harbi kawai. In rimot ɗin sabo ne sai ka haɗa shi tukunna, buɗe murfin batir ka danna jan maɓallin ciki, ka buɗe ƙaramar ƙofar gaban Wii ka danna jan da ke nan, ka jira fitila ta biyu ta tsaya. Ku zauna kusa da juna don dukkan rimot biyun su riƙa hango sandar, kuma ku raba sikirin tun farko, shi hagu kai dama, in ba haka ba duk kan mutum ɗaya za ku riƙa ƙarar da harsashi na gefe yana ɗirka muku.